Ranar da Maigida Ya Saurari Kan Jirgi

Maigidana, wanda ya koya mini gyaran inji, ba ya buɗe inji sai ya saurare shi. Yana da wata 'yar sanda ta itacen ƙirya, tsawonta daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ta yi baƙi ta yi santsi saboda baƙin mai da gumin hannu. Idan aka kira mu wurin injin niƙa ko injin ban-ruwa mai shan gas, sai ya ce a tayar. Ya ɗora kan sandar a jikin injin, ɗaya kan ya danna shi a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Ya matsa da ita nan, ya matsa da ita can. Can sai ya buɗe ido ya nuna mini wuri ya ce, "Kwance nan." In na kwance, abin da ya faɗa shi nake tararwa.

Na yi shekaru ina ɗaukar masa jakar sufanu, tun ina saurayi har na aurar da 'yata ta fari. Rumfarmu tana bakin kasuwar Goronyo, amma aiki yana kai mu Taloka da Boyekai, in rani ya tsaya kuma har fadamun Wurno da ƙauyukan Rabah. Na iya kwancewa, na iya ɗaurewa, hannuna ma ya fi nasa ƙarfi. Kunnen ne ban samu ba. Nakan karɓi sandar in gwada, abin da nake ji kawai hayaniya ce, shi kuwa a cikin hayaniyar nan yake jin kowane ƙarfe da muryarsa.

Sai kunnen ya fara tafiya. Da farko sallama ce ba ya amsawa in an yi ta daga bayansa. Daga baya sai an matso dab da shi ta gefen dama. Ya daina sa sandar a bayan kunne, ya koma cizonta da haƙoran gefe, ya ce ta nan ƙarar ta fi shiga kansa. Ya kuma gaya mini wani sauro ya tare a kunnensa na hagu, yana ta kuka ba ya hutawa.

Wata rana mai injin niƙa ya kira mu Taloka, injinsa yana wata ƙara. Mata sun yi layi da ƙoren gero suna jira. Maigida ya ciji sanda, ya daɗe, ya ce boris ne, ƙarfen da sandar injin take juyawa a cikinsa. Na kwance rabin injin a cikin zafin rana, na fito da boris, lafiyarsa ƙalau. Na mayar na ɗaure, aka tayar, ƙara tana nan. Wata tsohuwa daga cikin masu jira ta nuna ƙasa da baki ta ce, ita dai tun ɗazu tana ganin wani ƙarfe yana rawa a gindin injin. Noti ne ya saki. Na ɗaure shi da sufana ɗaya, ƙara ta ɗauke. Matan suka yi dariya, ba da mugunta ba, amma sun yi.

Muka hau babur muka koma Goronyo. Muna isa rumfa Maigida ya sauke jakar ya ajiye ta a gabana.

"Ɗauka. Taka ta."

Na ce, "Baba, noti ɗai na. Kowa shina kuskure."

"Ba kuskure na ba. Kunne na yat tahi. In an gama kwasar albasa ba ni ƙara taɓa inji."

Ban ɗauka ba. Na rataye ta a ƙusarta na bar ta. Na san abin da zama yake yi wa mai sana'a. Na ga maƙerin unguwarmu da ya ajiye guduma, ya koma gindin dogon yaro yana kallon masu wucewa, kafin damina biyu ya zama wani mutum daban. Ba na so in ga Maigida a kan tabarmar nan. Amma ban san da me zan riƙe shi ba.

Kwana huɗu bayan haka taubashinsa ya zo. Ɗan kawunsa ne, mai safarar albasa, ƙato mai murya kamar ta mai shela. Tun suna yara suke tsokanar juna, kuma labarin Taloka ya riga ya kai gare shi.

"Ina kurman? Ku ce mai tsohuwar Taloka tana neman yaron aiki, ko shi tahi ta koya mai."

Maigida ya ce, "Mi yac ce?"

"Ka jiya sarai. In an ce ka sayi goro ba ka ji, in an ce inji kunnenka shi miƙe awa na jaki." Ya zauna a kan tsohuwar tayar da muke zama, ya ce a miƙo masa ruwa. "To bari in ba ka labarin inji, kai da kaka alhwahari da abin niƙa gero. Jirgi ya dawo Ƙaura. Da idona nag gane shi. Kan jirgin shi ɗai ya hi ɗakin uwargidanka da zauren gaba."

Maigida ya juyo da kunnensa na dama. "Mi shika sha?"

"Gas, irin naka."

"Fistan nawa?"

"Ni ina nas sani? Ni mai albasa na, ba ni leƙen hanjin ƙarhe."

"Da mi aka tashe shi? Mutum nawa ka juya hannun?"

"Ka gani ko? Kurma na, amma ya ji gas."

A ƙasarmu babu layin dogo. Wanda ya fi kusa da mu reshe ne da ya ɓalle daga Zariya, ya bi ta Gusau, ya ƙare a Ƙaurar Namoda. Ni da Maigida ba wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa a cikinmu. Shi dai ya tashi da labarin mahaifinsa, wanda ya riƙa kai fatu da gyaɗa Ƙaura a kan jakai, a zamanin da jirgi yake cin gawayi yana shan ruwa. Na kalli fuskarsa a ranar, na ga abin da rabona da gani tun kafin Taloka. Yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, yana lissafin wani inji da bai gani ba.

Da taubashin ya tashi na bi shi waje na roƙe shi wuri biyu a motar da za ta ɗauki albasarsa zuwa Ƙaura bayan kwana biyu. Sannan na dawo na durƙusa ta gefen dama.

"Baba, na yarda in ɗauki jaka. Amma sai ka ji wanga inji tukuna. Mutum bai barin sana'a bai ji babbanta ba."

Ya dube ni ya ce, "Ka samo muna albasa mai kyau. Ba mu zuwa wurin mai sana'a hannu sake."

Kwana biyun da suka rage ban iya zama wuri ɗaya ba. Na wanke rigata ta Juma'a. Na je rumbun wani abokina na zaɓi albasa da ɗaiɗaya, jajaye masu tauri, waɗanda ba su da ko ƙwarzane, na cika ƙaramin buhu. Matata ta ce ko zuwa ɗaurin aurenmu ban yi wannan rawar jiki ba. Na ce a ɗaurin aurenmu ai na riga na san fuskar amarya.

Muka tashi bayan sallar asuba. A lokacin hanyar tana da lafiya, muka bi ta Sabon Birni, muka faɗa Isa, muka wuce Shinkafi. Mu uku a gaba tare da direban motar, gwiwa a jikin gwiwa, warin albasa yana shigowa ta taga. Maigida bai rufe baki ba tun daga Goronyo. Ya fara da bel, ya ce in bel ne yake kai ƙarfi ga ƙafafun jirgi, to faɗinsa sai ya yi tabarma. Ya sake tunani ya ce a'a, bel ba zai ja wannan nauyi ba, zai tsinke, dole giya ce da kuloci kamar na babbar mota. Ya sunkuya yana kallon ƙafar direbanmu duk lokacin da ya taka kuloci ya canja giya, yana gyaɗa kai.

"To direban jirgi wace irin ƙahwa gare shi?" in ji shi. "Kulocin da ka ɗaukar gari guda, sai ƙahwar giwa."

Taubashi ya ce, "In mun je ka ba shi aron taka, tun da kunne ya ƙi."

Mun shiga Ƙaura rana ta take. Aka sauke mu kusa da tasha, taubashin ya ba da umarni a kan buhunansa ya biyo mu, ya ce ba zai bari a yi wannan kallo babu shi ba. Kafin in ga jirgin, a tafin ƙafata na fara jin sa. Ƙasa tana wani kaɗawa a hankali. Na dubi Maigida, ashe shi ma ya ji, ya tsaya cak, ya zare takalmi ɗaya ya taka ƙasa da ƙafa tsirara. Sannan ya mayar da takalmin ya yi gaba da sauri, ni da buhu a kafaɗa ina binsa da ƙyar.

Muka zagaya wani gini, sai ga shi. An riga an raba shi da taragun fasinja, yana tsaye shi kaɗai a kan dogo, injinsa yana aiki a hankali. Dogo ne, fentinsa ya koɗe, gefensa duk ƙofofi a jere kamar shagunan kasuwa, da 'yar siririyar hanya mai ƙarfen dafawa. Ɗakin direba yana ƙarshe guda. A ƙarƙashin cikinsa akwai tankin gas wanda mutum zai iya kwanciya a ciki ya miƙe ƙafa. Ƙafafunsa ƙarfe zalla, kowace ta kai mini kwankwaso. A sama iska mai zafi tana fita tana sa sararin wurin rawa. Akwai rubutu da lamba a jikinsa. A lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, don haka na kalle su kamar zanen ƙwarya. Har yau ina jin haushin ban san lambar nan ba.

Direban jirgin yana zaune a kan benci a inuwa yana cin gyaɗa, mutum mai furfura a gemu, maganarsa ta mutanen Zariya. Muka yi sallama, muka gaisa har iyali, na ajiye buhu a gabansa. Maigida ya ce daga Goronyo muke, mu ma masu gas ne, mun zo gaida babban yayanmu. Direban ya buɗe buhu ya ɗauki albasa guda ya juya ta a hannu, ya yi murmushi.

"Baba, kun sha hanya. Amma wannan ai ƙaramin ne."

Sai da na maimaita wa Maigida a kunne. Ya ce, "Ƙarami?"

Direban ya ce ƙwarai. Irin wannan an yi su ne domin reshe. Dogon da ya zo Ƙaura siriri ne, gadojinsa ƙanana, ba za su ɗauki manyan da ke bin babbar hanya ba. Shi ya sa aka yi wannan marar nauyi, aka ba shi ƙafafu da yawa domin nauyin ya rarrabu, kamar yadda ake raba kaya a kan jakai. Ba shi da gudu sosai, amma yana shiga inda manyan ba sa shiga, ya ja mutane ya ja hatsi a tafiya ɗaya.

Maigida ya zaro sandarsa daga aljihun riga ya ce, ko za a ba shi izini ya gaisa da shi. Direban bai gane ba sai da na yi masa bayani. Ya tashi yana dariya, ya hau ya buɗe mana ƙofa biyu na gefe. Zafi da ƙara suka fito tare. Na ga injin da idona, kowane murfin kai ya kai girman injin niƙa guda. Na tallafa wa Maigida ya hau. Ya ɗora sanda, ya ciji, ya rufe ido.

Ya daɗe. Ya matsa gaba, ya sake ɗorawa. Gemunsa yana karkarwa tare da injin. Na ga gefen bakinsa yana ɗagawa duk da sandar da ke ciki. Da ya cire ya ce, "Masha Allah. Wanga bai gaggawa. Awa bijimi shina tuƙa." Ya miƙo mini ya ce in gwada. Na ciji, ƙarar ta cika mini kai har ƙeya, na ji kamar ni ne injin.

Ana haka wani ma'aikaci mai tuta ya zo ya ce lokaci ya yi da za a jawo taragun hatsi daga ɗaya layin a haɗa da na fasinja. Direban ya dube mu ya ce, tun da mun zo daga nesa, mu hau mu raka shi. Na taka matakalar na hau. Taubashi ba a gayyace shi ba, amma ya cusa kansa ya cika rabin ɗakin. Maigida ya nuna mini wani hannun ƙarfe a gaban direba, ya ce a hankali, a ganinsa, "Ga giyar nan."

Muka tafi da baya ba kaya, aka ɗaura mana taragu, muka ji sun kama. Maigida ya tsuguna ya kafa sandarsa a ƙasan ɗakin ya ciji. Direban ya ja igiya, jirgi ya yi wani kuka da ya tashi tsuntsayen tasha gaba ɗaya. Ya tura hannun ƙarfen, ƙas. Injin ya ɗaga murya. Ya ƙara, ƙas. Injin ya yi ruri, hayaƙi ya tashi, duk ɗakin yana girgiza, amma da na leƙa ƙasa sai na ga muna tafiya kamar tsoho mai zuwa masallaci. Ni dai murna ta cika ni, ina ta washe baki. Ya ƙara turawa, ruri ya ƙaru, ƙafafun suna juyawa a hankali abinsu.

Sai na ga Maigida ya buɗe ido. Ya miƙe ya kama hannun rigar direban.

"Tsaya, ɗana. Sassauta mai. Kulocinka shina zamewa, ƙone shi kaka yi."

A wurinmu wannan ita ce doka ta farko. In inji ya ɗaga murya abin da yake ja bai bi shi ba, to bel ya saki ko kuloci ya cinye, kuma mai hankali kashewa yake yi nan take kafin a ji ƙauri.

Direban ya dube shi, sai ya fashe da dariya har yana dafa ƙarfe. "Baba, wane kuloci? Jirgin nan ba shi da kuloci. Ko giya ba ya canjawa."

Taubashi ya buga cinya. "Taloka ta biyo mu har Ƙaura. Ku nemo muna tsohuwa ta duba jirgi."

Maigida ya ji wannan, domin da ƙarfi aka faɗa. Da jirgin ya tsaya, ya kama hannuna ya sa mini sandar a ciki, ya naɗe yatsuna a kanta. Ya sauka shi kaɗai, bai yarda na tallafa masa ba, ya tafi can gindin wata bishiya ya zauna ya ba jirgin baya.

Jaka ya ba ni a Goronyo, amma sanda ya riƙe. Yanzu ga sandar a hannuna. Ni na kawo shi, ni na jawo masa dariya a garin mutane. Taubashin ma ya daina dariya, ya shiga gyara hula.

Na jira har direban ya gama magana da mai tuta. Sannan na matsa na gaya masa ko wane ne wannan tsoho, da abin da sandar take nufi, da abin da ya faru a Taloka. Na ce ba na roƙon ya yi masa ƙarya. Ina roƙo ne kawai ya je ya tambaye shi abin da ya ji, domin Maigida bai taɓa faɗin abin da bai ji ba. Mutumin kirki ne. Ya goge hannu da tsumma ya bi ni. Na nuna masa gefen dama, ya tsuguna.

"Baba, ka yi haƙuri da dariyata. Me ka ji?"

Maigida bai dube shi ba. "Ba komi. Kunnen tsoho na."

"A'a, gaya mini dai."

"Na ji inji ya ɗauki nauyi, muryatai ta yi kauri. Amma ƙahwa ba ta bin shi. Shi daban, ita daban. Na nemi inda haƙori yak kama haƙori tsakaninsu, ban samu ba. Awa ba abin da yaɗ ɗaure su."

Direban ya juyo ya dube ni, ya sake duban tsohon.

"Baba, ai babu. Wallahi babu abin da ya ɗaure su. Da sandar nan ka ji haka?"

"Mi yac ce?"

Na sa baki a kunnensa na ce, "Ya ce gaskiya kaj ji. Babu ƙarhe tsakaninsu."

"To mi ka juya ƙahwa? Aljannu?"

Direban ya kama hannunsa ya tashe shi. Ya kai mu ya buɗe wata ƙofa kusa da ɗakinsa, inda injin ya ƙare. A inda muka sa ran ganin akwatin giya, wani ƙaton abu ne mai kama da ganga. Ya ce janareta ne. Duk wannan inji, duk wannan ruri, aikinsa ɗaya, ya juya janareta ya ba da wuta. Ya nuna mana wayoyi masu kaurin damtse da suka fito suka gangara ƙasa. Muka sauka muka tsuguna muka leƙa ƙarƙashi. Tsakanin ƙafafun akwai wasu dunƙulallun injinan lantarki, baƙi ƙirin da ƙura da mai, kowane yana rungume da sandar ƙafafunsa. Su ne suke juya ƙafa. Hannun da Maigida ya ce giya ce, mai yake ƙara wa inji, inji ya ƙara wuta, wuta ta ƙara ƙarfi. Shi ya sa zai iya ruri yana tafiyar tsoho, babu abin da zai ƙone.

Maigida ya bi wayar da ido tun daga sama har ƙasa, ya sake bin ta daga ƙasa zuwa sama. Ya zauna daɓas a kan tsakuwa da farar rigarsa.

"Waɗanga na ƙasa," in ji shi, "suna kuka?"

"Suna yi, in sun ɗauki kaya. Siririn kuka."

"Awa sauro?"

"Kamar sauro."

Ya dafe kai. "Na ji shi. Ɗazu naj ji shi, nac ce nawa na, na cikin kunne." Ya miƙo mini hannu bai ko kalle ni ba. "Ba ni sandata."

Akwai sauran tarago biyu da za a jawo. Muka sake hawa, wannan karon shi ya riga ni. Ya kafa sanda ya ciji. Ƙas, ƙas, injin ya yi ruri, muka fara motsi. Idonsa a rufe, ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Jirgin yana ƙara sauri, yatsan yana ƙara tashi. Da direban ya sassauta, yatsan ya sauko tare da shi. Direban yana kallon yatsan yana girgiza kai. Ya gwada shi, ya ƙara ya rage ba tare da ya faɗa ba, yatsan bai yi kuskure ba ko sau ɗaya.

Maigida ya cire sanda ya juya ga taubashinsa. "Nawa sauron ga hagu shike. Wanga ga haƙori naj ji shi. Kai mi kaj ji, mai kunne biyu?"

"Ni yunwa nika ji."

"To tahi ka sayo muna hura. Kai ɗai ad da kuɗɗin albasa."

Ya sayo kuwa, har da ta direba da mai tuta. Muka tsaya har jirgin ya tashi da la'asar, mutane sun cika tagogi, ya yi kukansa ya nufi Gusau. Maigida ya kafa sandar a kan dogon bayan ya wuce, ya ce har yanzu yana jin sa, alhali mu mun daina ganin ko hayaƙinsa.

Washegari muka dawo a motar da ta sauke albasa. Rumfa muka fara zuwa kafin gida. Maigida ya share ƙasa da tafin hannu ya zana inji, ya zana ganga, ya ja layi biyu zuwa wani ɗan da'ira a nesa. Ya ce, ashe ba dole inji ya kwana kusa da abin da yake juyawa ba. Shekara da shekaru muna ɗaura su da bel kamar raƙumi da akala.

Bayan kwana kaɗan wani manomi ya zo daga Boyekai. Ruwan rijiyar fadamarsa ya yi ƙasa, injinsa ba ya iya zuƙowa, ya haƙa rami ya saukar da injin har sau biyu, ramin yana neman rufta masa. Ya tsaya a bakin rumfa yana yi mini bayani ni, domin labari ya bazu cewa Maigida ya bar aiki. Maigida yana gefe, ya juyo da kunnen dama.

"Bar injin bisa," in ji shi. "A ɗaura mai janareta. A zura famfon lantarki cikin rijiya, waya ta kai mai wuta. Jirgi za mu yi maka."

Manomin ya dube ni. Na ce abin da Baba ya faɗa shi za a yi. Maigida ya miƙe, ya sa sanda a aljihu, ya nuna ƙusar da jakar take rataye tun ranar Taloka.

"Ɗauko muna jaka mu tahi. Kuma ka riƙe ta da kyau, ba taka ta ba tukuna."

Mun haɗa shi a kwana uku, bayan an samo famfon daga Sakkwato. Da ruwa ya fito ya bi kwalbati zuwa fangalin albasa, manomin yana ta godiya, amma Maigida bai ji ba. Ya tsuguna a bakin rijiya, ya kafa sandar a jikin bututun da ya gangara ƙasa, ya ciji, ya ɗaga yatsa ɗaya sama.